Kilo Uku da Cukun Auta

Litinin, 3 ga Maris

Mun dawo daga wurin likitan ƙashi. Ya ce ƙugun Inna na dama ya cinye, sai an yi aiki an sa mata na ƙarfe, in ba haka ba ita da tafiya sai dai a tura ta a kujera. Amma ba zai taɓa ta a yadda take ba. Kilo arba'in cif ta hau sikeli. Ya ce jikin da ba shi da abin ɗinke kansa ba a yanka shi. Yana son arba'in da uku ranar 5 ga Mayu. In ba ta kai ba, a ba wani gurbinta, mu jira wani zagayen.

Kilo uku a mako tara. Saura kaɗan in yi dariya a gabansa. Shekara goma sha bakwai ina jami'ar abinci mai gina jiki a asibitin unguwa, yaran da na tayar daga ƙashi da fata ba su ƙirguwa. Uwata ce za ta gagare ni? Shekara huɗu ke nan tana ɗakin da ke jikin nawa, ni ke mata wanka, ni ke yanke mata farce.

Na sayi sabon littafi. Na raba kowane shafi gida huɗu: rana, abin da aka ba ta, nauyinsa, cokali nawa ta ci. Na goge sikelin kicin.

Alhamis, 6 ga Maris

Ƙwai biyu, wake da na murje, kifi ba ƙaya, ayaba. Komai a aune. Cokali huɗu da safe, shida da rana, sai ta juya fuska bango. Na ce ko uku ta ƙara. Ta ce, "Malama, in kin gama rubutun ki ja mini labule."

Malama take ce mini idan na ishe ta.

Asabar, 8 ga Maris

Auta ta zo. Ƙanwata, ta ƙarshe a ɗakinmu, wadda ta bar makaranta a aji uku don wai lissafi na sa mata ciwon kai. Tana can bakin gari da mijinta mai gyaran famfo da awakinta bakwai. Ta shigo da surutunta da warin awaki a mayafi, riƙe da tsohuwar robar bota.

"Cuku ne, Yaya, na nonon awakina. Na ce ko Inna za ta lasa."

Na ce ta ajiye, Inna ba ta cin komai. Na fita shanya. Kafin in dawo rabin robar ya tafi, farantin shinkafar da na bari ma an share shi. Inna tana lasar yatsa tana dariya, wai wata akuya ta cinye wa mai famfo takardar aiki.

Na rasa abin da zan rubuta a gidan nauyi. Na sa: cuku, ba a auna ba.

Litinin, 10 ga Maris

Arba'in. Ko gezau.

Laraba, 12 ga Maris

Jiya ma Auta ta zo da wata robar. Ta ce Talata da Asabar za ta riƙa zuwa, mota biyu take hawa. Wa ya aike ta?

Yau a wurin aiki, bayan iyaye mata sun watse, na ɗauko babban littafin abinci na buɗe wurin cukun akuya. Yanki kamar akwatin ashana, giram talatin: kalori wajen tamanin, furotin giram biyar ko shida, kusan na ƙwai guda ke nan. Ga maiƙo, ga kalsiyam na ƙashi, ga bitamin A. Sukarin madarar da ke kumbura wa Inna ciki idan ta sha ta shanu kaɗan ne a cikinsa, yawancinsa na bin ruwan da ake tsanewa. Abu ɗan kaɗan mai amfani da yawa, ga laushi ga mai haƙori shida. Wato daidai abin da ake ba tsohon da ba ya iya cin abinci mai yawa.

Na san wannan. Na taɓa koyar da shi ma. Me ya hana ya faɗo mini?

Na ci gaba da karantawa har na sami aibunsa guda biyu: gishiri, da cutar da ake ɗauka idan da ɗanyen nono aka yi shi. Na ja musu layi da jan biro. Kawai don in tuna.

Litinin, 17 ga Maris

Arba'in da giram ɗari shida. Alhamdulillahi. Na faɗa da baki, kuma har zuci nake nufi. Sai dai akwai wani abu a ƙarƙashin godiyar, kamar tsakuwa a shinkafa.

Laraba, 19 ga Maris

Maƙwabciyarmu mai ɗinki ta shigo gaida Inna. Ina kicin ina murza wake da bayan cokali, hannuna har ya sage, na jiyo Inna tana cewa, "Autata ce ke riƙe da ni. Ba don cukunta ba da tuni kun yi zaman makokina."

Autata. Ni ban taɓa zama "tata" ba. Ni ce Malama, ni ce "waccan mai littafin". Ni na kwashe fo ɗinta yau da safe kafin in tafi aiki, na wanke zanin gado, na shafa mata mai a baya don kada ya yi gyambo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Asabar, 22 ga Maris

Auta ta zo. Na gaishe ta daga kicin.

Litinin, 24 ga Maris

Arba'in da ɗaya da ɗari uku. In aka ci gaba a haka za mu kai, har da rara.

Na sa hoton sikelin a gurup ɗinmu na waya, na 'yan ɗakinmu. Ban rufe wayar ba ƙanena direba ya turo murya daga kan hanya, injin mota na ruri a bayansa: "Ashe likitar gidanmu tana bakin gari cikin awaki, mu muna ta kallon mai farar riga. Auta, Allah ya yi miki albarka. Yaya, ki je ki ɗauki darasi."

Kowa ya sa fuskar dariya, har matarsa da ba ta taɓa dafa wa Inna ruwan shayi ba. Auta ta rubuta, "Haba dai, Yaya ce ke wahalar." Wannan ya fi ƙona ni. Ba na son a yi mini sadaka da yabo.

Baban yara ya ce wasa ne, in bar shi a wasa. Na ce ai ni ma dariya nake. Ya dube ni ta saman tabarau ya ci gaba da duba jarabawar ɗalibansa.

Talata, 25 ga Maris

Tun muna yara haka ne. Ni in zo ta ɗaya a aji, Inna ta ce madalla, ta ci gaba da tsintar wake. Auta ta faɗi jarabawa, a ɗauke ta a cinya ana lallashi. Ina da shekara arba'in da shida, ina da 'ya a jami'a, kuma ga ni ina ƙirga cinya.

Alhamis, 27 ga Maris

Na auna jinin Inna da safe, ya ɗan hau. Ɗan kaɗan. Irin hawan da idan na gani a wurin aiki nake cewa a sake aunawa gobe.

Na kira Auta. Na ce daga yau a dakatar da cukun. Na ce gishirinsa na ta da wa Inna jini, kuma ɗanyen nonon akuya na ɗauke da cutar da ke sa zazzaɓi na wata da watanni, in ta kama tsohuwa mai jiran aiki shi ke nan. Duk abin da na faɗa yana cikin littafi, ba ƙarya ko ɗaya.

Ta ce, "Yaya, ai ni ina..."

Na ce, "Ni na yi karatun ko ke?"

Sai ta ce, "Ke ce, Yaya. Allah ya ba ta lafiya." Ta tambaya ko ta riƙa zuwa hannu sake. Na ce kuɗin mota biyu ba wasa ba ne, ta huta, in da wani abu zan kira.

Rigakafi ya fi magani. Haka na rubuta a gurup.

Asabar, 29 ga Maris

Inna ta sa na juya mata kujera ta fuskanci ƙofa tun ƙarfe goma. Da azahar ta ce in mai da ita gado. Ba ta tambaye ni komai ba. Cokali biyar.

Litinin, 31 ga Maris

Arba'in da ɗaya da ɗari huɗu. Ga shi nan, ba cuku kuma ba ta ragu ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na biya babban kanti na sayo cukun akuya na kamfani, a leda mai hatimi, an rubuta komai a jiki: furotin kaza, gishiri kaza, an dafa madarar. Na yanka giram talatin daidai, na ɗora a burodi mai laushi, na kai mata da littafina a hammata.

Ta shinshina ta ce, "Wannan akuyar ta taɓa ganin rana kuwa?"

Ta gutsira sau ɗaya don kada in ji haushi. Na ji haushin.

Litinin, 7 ga Afrilu

Arba'in da ɗaya. Na sauke ta na sake ɗora ta. Na canza wa sikelin batir. Arba'in da ɗaya.

Laraba, 9 ga Afrilu

Yau wata mata ta kawo 'yarta awo, yarinyar ta ragu. Na tambaye ta me take ba ta, ta lissafo komai daidai yadda na koya musu. Na ji bakina yana cewa, "To ba abin da ake bayarwa kaɗai ba ne, wa ke ba ta, kuma yaya?" Na faɗi wannan maganar ta fi sau dubu. Yau sai na ji ta kamar daga bakin wata.

Da na dawo na tarar zoben Inna ya zame daga yatsa ya faɗa cikin zanin gado. Na mayar mata, ya sake zamewa. Ta ce in ajiye shi a kofi.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Baban yara ya tsaya a ƙofar kicin yana goge tabarau. Ya ce, "Tambaya ɗaya zan yi, kada ki cinye ni. Kin taɓa ganin yadda take yin cukun nan?"

Na ce ba sai na gani ba, na san yadda masu awaki ke yi.

Ya ce, "To. Ni dai ba na ba ɗalibi sifili sai na buɗe takardarsa."

Na ce ya fita mini daga kicin. Gobe zan je. Ba don maganarsa ba, dubawa zan yi, aikina ne.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na je ban sanar da ita ba, don in kama ta a yadda take. Mota biyu, ta biyun a tsaye na yi tafiyar, wani ya taka mini ƙafa sau uku. Haka take yi da roba a hannu Talata da Asabar.

Na same ta a tsakar gida ta gama tatsa. Ta yi murna kamar ba ni ce na kashe mata waya ba. Ta goge mini kujera da gefen zaninta. Na ce ba zama na zo yi ba, ta yi aikinta ina kallo.

Ta tace nonon da farin ƙyalle. Ta zuba a tukunyar da ba a dafa komai a cikinta sai shi. Ta ɗora a wuta tana juyawa har ya tafaso, ta rage wutar, ta duba agogon wayarta. Ta sauke, ya ɗan huce, ta matsa lemun tsami, nonon ya tsinke ya rabu da ruwansa. Ta juye a wani ƙyallen da ta ciro daga tafasasshen ruwa, ta ɗaure, ta rataye a ƙusa yana ɗiga cikin kwano. Hannunta sau uku ta wanke, na ƙirga.

Na ce, "Tun yaushe kike tafasawa?"

Ta ce, "Tun da na fara. Ai ga ta can."

A bangon kicin ɗinta, cikin leda don kada hayaƙi ya ɓata ta, an kafe wata takarda da ƙusa huɗu. Takardar da asibitinmu ya buga shekara shida da suka wuce kan yadda ake tsabtace madara a gida. Ni na rubuta ta. Har da gyaran da na yi da biro a layi na uku, da hannuna. Ban ma tuna na ba ta ba. Ina jin sabulu na naɗe mata a ciki.

Ta ce duk wadda ta zo sayen cuku sai ta nuna mata. "Ina ce musu yayata ce ta rubuta, ita ce babba a wajen abinci a asibitinsu."

Na tambayi gishirin. Ta nuna mini robobi biyu, ɗaya da ɗigon jan fenti a murfi. Ta Inna ce, ba a sa mata gishiri ko ƙwaya, don na taɓa ce mata jinin Inna na hawa, shekara biyu ke nan.

Na ce to me ya sa ba ta faɗa mini ba ranar da na kira?

"Na fara, Yaya. Da kika ce ke kika yi karatun sai na ce ko akwai wani abin da kika sani wanda ba ya cikin takardar. Ina tsoron in kashe Inna da hannuna."

Kwana goma sha shida tana zaton ta kusa kashe uwarta.

Ban ba ta haƙuri ba. Na ce tsabtarta ba laifi. Na karɓi robar mai jan fenti na ce ni zan kai, ba sai ta sha wahalar mota ba. Ta raka ni har titi tana ba ni labarin akuyarta mai ciki. A mota na riƙe robar a cinya, raina a jagule. Kunya nake ji, amma ko a cikin kunyar ina jin haushin yadda kicin ɗinta ya fi nawa tsabta.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na yanka giram talatin, na kai da burodi da tumatir. Cukun Auta na gaske, daga hannun Auta. Na zauna a bakin gado na buɗe littafi.

Gutsira biyu. Ta ture farantin.

Na ce, "Inna, shi ne fa. Wanda kike so."

Ta ce ta sani, ta gane shi.

Na ce to mene ne kuma? Muryata ta hau, na ji ta. Na ce saura mako uku, so take ta ƙare a kujera? Me Auta ke sa miki a ciki da ni ban iya ba?

Ta daɗe tana kallon hannunta. Sannan ta ce, "Ke idan kin kawo abinci bakina kike kallo. In kai cokali, ki rubuta. In tauna, ki ƙirga. Ko akuya aka tsare da ido ba ta kiwo. Shekara arba'in da ɗaya ina ci a kwano ɗaya da babanku. Tun da ya rasu ban iya ci ni kaɗai ba, ke kuma kin mai da ni mai ci ita kaɗai ga ɗan kallo."

Na ce ai don lafiyarta nake yi.

Ta ce, "Na sani, Malama. Ja mini labule."

Litinin, 14 ga Afrilu

Arba'in da ɗari takwas.

Na zauna a ofis da littafin na bi shi shafi-shafi. Yana nan ɓaro-ɓaro, da rubutuna. Duk Talata da Asabar na watan jiya: cokali ashirin, ashirin da biyar, "ta cinye". Ba cukun kaɗai ba, har wakena da kifina da shinkafata. Washegari kuma, ga sauran cukun a firji, ni na kai mata: bakwai, takwas. Gida huɗu na yi wa shafin, babu gidan wanda ya zauna da ita. Da ɗaliba ce ta kawo mini wannan littafin da na gano a minti biyar.

Talata, 15 ga Afrilu

Na kira Auta. Na ce Inna na nemanta, kuma in za ta iya kullum, ta zo kullum. Ta ce mai famfo zai kula da awakin da rana. Ba ta ce "ai na faɗa" ba. Da ta faɗa da na sami abin riƙewa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na dawo da wuri na tsaya a bayan labule ina leƙe, a gidana, kamar ɓarauniya.

Faranti ɗaya Auta ta zuba musu, ta haye gadon ta naɗe ƙafa. Ba ta ce wa Inna ci ba ko sau ɗaya. Ita take ci, baki cike, tana ba da labarin bunsurun maƙwabta da ya tsallako katanga. Ta marmasa cukun a kan shinkafar, ta kai hannu za ta ɗauke babban yankin da ke gaban Inna, Inna ta buge mata hannu ta ce, "Ke, mayya, nawa ne," ta jefa a baki. Ashe da gangan take yi. Na ga ta sake turo wani yankin gefen Inna da bayan cokali, idonta na kan taga.

Wannan ba ya cikin takardata. Ban san inda ta koya ba.

Na koma kicin na yi kuka kaɗan, na ce albasa ce, ko da yake ba wanda ya tambaya.

Litinin, 21 ga Afrilu

Arba'in da ɗaya da ɗari uku. Mun dawo inda muke wata guda da ya wuce.

Litinin, 28 ga Afrilu

Arba'in da ɗaya da ɗari tara. Zoben ya zauna. Direba ya turo murya yana ta kirari wa awaki. Ban sa fuskar dariya ba, ban kuma fita daga gurup ɗin ba.

Saura mako guda, saura kilo ɗaya da ɗari. Na san abin da jikin tsohuwa ke iya yi a kwana bakwai. Na sani sarai.

Litinin, 5 ga Mayu

Arba'in da biyu da ɗari huɗu.

Likitan ya duba takarda, ya duba Inna, ya ce an yi ƙoƙari amma ba zai yi kasada ba. An ba wani gurbin. Sai 7 ga Yuli. Wata biyu kuma a kujera, wata biyu na fo da juyi da ciwon da ke sa ta cije leɓe idan an ɗaga ta.

Ya bi layin awon da yatsa ya tsaya a tsakiya. "Nan me ya faru? Tana hawa lafiya, sai ta sauka mako biyu da wani abu."

Na buɗe baki. Auta ta riga ni. "Awakina ne suka ƙafe, likita. Nonon ya yanke."

Ya ce Allah ya kyauta, a riƙa ajiye wani abin a madadin. Ya dube ni da farar rigata, don daga aiki na wuce, ya ce, "Ke ai kin san wannan." Na ce na sani.

Kwana goma sha tara na hana. A yadda take hawa, ya fi kilo ɗaya da rabi. Giram ɗari shida muka rasa. Ba sai na ɗauko biro ba.

A mota Inna ta yi barci a kafaɗar Auta. Ni na riƙe kujerar a naɗe tsakanin gwiwoyina.

Laraba, 7 ga Mayu

Direba ya rubuta wa Auta ta riƙa ba awakinta abinci mai kyau, kada su sake ƙafewa. Ta amsa da "To, Yaya." Na rubuta amsa mai tsawo, na goge. Na sake rubutawa. Na tura layi ɗaya: "Awakin ba su ƙafe ba, ni na hana." Na kashe wayar na sa ta a aljihun tebur. Har yanzu ban kunna ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Auta ba ta zo ba, akuyar nan mai ciki ta haihu, 'yan biyu. Mai famfo ya kawo robar ya juya.

Na zuba shinkafa da kifi, na marmasa cukun a kai. Ban auna ba, sikelin ya yi ƙura kuma ina sauri. Faranti ɗaya na ɗauko don sauran ba a wanke ba. Na hau gadon, gwiwata ta yi ƙara, Inna ta ce ashe ni ma na kusa zuwa wurin likitan ƙashi.

Ban iya labari ba. Na ba ta na matar da ta zo awo da tagwaye ta ɗora ɗaya sau biyu a sikeli ba ta sani ba. Ta yi dariya har ta ƙware. Ina bubbuga mata baya na ce, "Inna, ni na hana Auta zuwa. Ba don gishiri ba ne."

Ta ce, "Na sani. Ni na haife ki." Ta tura mini yankin cuku gabana. "Ci, kin rame. Kullum kina tsaye a kan mutane."

Yana da daɗi, abin haushi. Ɗan tsami-tsami, yana narkewa a harshe. Na kai hannu kan babban yankin da ke gefenta, ta buge ni da cokali. Da zafi ta buga, har yanzu wurin ja ne.

Da ta ce "Autata ta iya cuku" abin ya ɗan tsaya mini a wuya, ba zan yi ƙarya ba. Na haɗiye shi da shinkafa.

Littafin yana kan firji tun Laraba. Ban ƙirga mata cokali ba yau.

Ashirin da uku ta ci.